Bindiga da Mai Gyaranta: Bitar Littafin Smaldone Kan Yaƙi a Daular Sakkwato

Wata ranar Asabar bayan la'asar na je gaida yayana a Kubwa, na iske ya kori yara tsakar gida, ya turo ƙofar ɗakinsa. Jami'in tsaro ne, ya haura shekara ashirin yana aiki, kuma a makon nan aka canza masa ƙaramar bindigar da yake ɗaurawa a ƙugu, aka ba shi wata da ta fi ta ƙanƙanta. Ya shimfiɗa tsohuwar jarida a kan tabarma, ga tsumma, ga 'yar kwalbar mai, harsasan kuma ya zare su ya ajiye can nesa a kan tebur. Kwancewar ta ba shi wuya, amma ya samu ta kwantu. Mayarwar ce ta tsaya masa. Duk lokacin da ya danna sifirin don ya zauna a mazauninsa sai ya kuɓuce, har sau ɗaya ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin gado, na durƙusa da fitilar waya ina nema. Babban yatsansa ya yi ja, gumi na ɗiga a kan jaridar.

Na ce, "Yaya, ba a nuna maka yadda ake yi ba?"

Bai ɗago ba ya ce, "Hannu kawai na sa a littafi aka miƙo mini. Waccan ko ido rufe ina haɗa ta. Wannan sai na koma wajen mai kula da ɗakin makamai ranar Litinin."

Haka aka yi. Ya naɗe sassan a tsumma ya kulle a akwati, kuma kwana biyu mutumin da aka ɗora wa tsaron rayukan jama'a bai da makamin da zai amfane shi. Ba sakaci ne ya jawo masa ba. Ita ƙaramar bindiga haka ƙirarta take: da yake an taƙaita tsawonta, dole a ƙara wa sifirinta tauri don ya iya tare ƙarfin harbi a ɗan gajeren wuri, sassanta ƙanana ne, kuma babu sararin da yatsa zai wala. Wanda ba a zaunar da shi aka koya masa ba zai sha fama.

A daren nan na sake ɗauko wani littafi da na karanta shekarun baya, domin abin da na gani a ɗakin yayana ya tuna mini da shi. Sunansa Warfare in the Sokoto Caliphate, na Joseph P. Smaldone, wanda maɗaba'ar Jami'ar Kambirij ta buga a 1977. Littafi ne na Turanci da bai kai shafi 300 ba, kan yadda aka yi yaƙi a ƙasar Hausa da kewayenta tun daga gabanin jihadi har zuwa 1903. Karatun farko na yi shi ne don labarin dawaki da lifidi. A karatu na biyu na gane cewa mafi daɗin abin da ke cikinsa shi ne babi biyun da ya keɓe wa bindiga, kuma tambayar da ke ƙarƙashinsu ita ce wadda ta hana yayana sukuni: idan makami ya zo hannunka daga wata ƙasa, wa zai koya maka shi, wa zai gyara shi, kuma daga ina abincinsa zai riƙa zuwa?

Smaldone ya raba aikinsa gida biyu. Kashin farko tarihi ne: yadda rundunar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta fara da 'yan baka masu tafiya a ƙasa, yadda bayan an ci birane aka koma ga doki kamar yadda sarakunan Haɓe suka yi, sai bayanin makamai, ganuwa, ribaɗi da tsarin fita yaƙi. Kashi na biyu nazari ne kan abin da yaƙi ya yi wa mulki da zaman jama'a. A ƙarshe ya jera sarautun yaƙi da kalmomin yaƙi na Hausa, kuma wannan jerin kaɗai ya isa a nemi littafin. Mai karatu zai haɗu da kalmomin da kakanninsa suka yi ta furtawa, waɗanda yau sai a bakin mawaƙan fada ake jinsu.

Abin da ya fara burge ni shi ne marubucin bai ɗauki ganin bindiga a matsayin shaidar cewa ta yi aiki ba. Bindiga ta daɗe da shigowa. Mai Idris Aloma na Borno ya yi amfani da 'yan bindiga tun a ƙarni na 16. Tarihin Kano ya ambaci zuwan bindigogi a zamanin Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, ya kuma nuna Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron sarki. Duk da haka, shekara hamsin bayan Babba Zaki, bindiga ba ta zama komai ba a fagen fama. Shaidar da ta fi fito da wannan fili ita ce ta Baturen nan Clapperton, wanda ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1826 zuwa Konya, inda Gobirawa suka kafa sansani. A cikin dubban mayaƙa, bindigogin da ya ƙirga arba'in ne da 'yan kai. Masu riƙe da su bayi ne, kuma yadda suke yi shi ne mutum ya matso ya harba, ya juya da gudu ya fita daga inda kibiya za ta same shi, sa'annan ya tsaya ɗura wani albarushin. Wanda ya san sunan da muke kiran bindigar gargajiya da shi har gobe, wato harba-ka-ruga, zai ga daga inda sunan ya samo tushe. Gobirawan da ke bayan ganuwa bindiga ɗaya tak gare su, amma da yake tana hannun wanda ya iya ta, ita ce ta kayar da na gaban 'yan lifidin Sakkwato.

Wannan labari na bindiga ɗaya da ta fi arba'in tasiri ya daɗe yana yi mini yawo a zuciya. Smaldone bai ƙawata shi ba, ya ajiye shi ne a matsayin hujja ya wuce, kuma wannan halin nasa ne a duk littafin. Ba ya zuga, ba ya raina mutanen da yake magana a kansu. Inda wasu Turawan da suka gabace shi suka ɗauka rashin wayo ne ya sa Bahaushe ya riƙe baka da doki, shi ya zauna ya yi lissafi. Bindigar wancan lokaci mai ƙanƙara ce, ana ɗura ta ta baki. Kafin a zuba albarushi, a tura harsashi, a danna da sanda, ɗan baka ya saki kibau da dama masu dafi. In damina ta sauka albarushi ya sha danshi, sai a ja kunama a ji shiru. In aka cika mata ciki don ta yi ƙara, bututun ya fashe ya tafi da yatsun mai ita. Irin bindigogin da ake ƙera wa kasuwar Afirka a Birmingham da Liyej masu araha ne, ƙarfensu ba shi da kyau. Sarkin da ya fifita doki da baka a 1826 ya san abin da yake yi.

Daga nan littafin ya shiga batun da na fi so, wato hanyar da bindiga ke bi kafin ta iso. Ta arewa akwai Sahara, ayari daga Tarabulus, tafiyar watanni, kuma abin da ke isowa kaɗan ne mai tsada. Ta kudu akwai ƙasashen da ke tsakaninmu da teku, waɗanda ba su ga dalilin da zai sa su bar makami ya wuce su zuwa ga maƙwabcin da zai iya juyo da shi kansu ba. Abin ya canza ne bayan da jiragen ruwan Ingila suka fara hawowa Kwara, Baturen nan Baikie ya zauna a Lakwaja wajen 1860, kuma Etsu Masaba na Nupe, wanda ya yi mulki a Bida daga 1859 zuwa 1873, ya kama bakin cinikin. Bida ta zama ƙofar bindiga da albarushi. Abin da Nupe ta ga dama shi ke wucewa arewa, ana musanya shi da dawaki da bayi. Smaldone ya bi wannan iyaka ta bindiga tana matsowa arewa sannu a hankali, kuma ya yi shi da haƙurin da ke sa mai karatu ya ga taswirar a idonsa.

Hujjarsa babba ita ce, daga wajen 1860 zuwa zuwan Turawa, wani juyi ya fara a fadojin sarakuna. Doki na hakimai ne da barade, sarki sai ya roƙa ko ya umarta kafin su hallara. Bindiga kuwa sarki na iya sayenta ya kulle a taskarsa, ya miƙa wa bayinsa, waɗanda ba su da kowa sai shi. Ta haka ƙarfi ya fara barin hannun masu sarauta yana taruwa a fada. Zazzau ce misalin da ya fi fitowa: Sarki Yero, daga 1890 zuwa 1897, ya tara bayi 'yan bindiga da jama'a suka ji tsoronsu, kuma da irin wannan ƙarfi ne Kwasau ya tilasta aka naɗa shi bayan rasuwar Yero. A Kano, bayan basasar Tukur da Yusufawa, ba banza aka yi wa Sarki Alu laƙabi da Mai Sango ba, sango kuwa mashi ne da ake harbawa daga bakin bindiga. A arewa da mu, Sarki Tanimu na Damagaram ya riga kowa nisa, domin a Zinder har igwa aka ƙera. Marubucin ya yi hattara wajen cewa juyin bai kammala ba Turawa suka katse shi, kuma ina ganin wannan hattarar ita ce ta sa hujjar ta tsaya da ƙafarta har yau.

Mu da ke zaune a Abuja muna da rabo a wannan labari, ko da yake littafin daga gefe yake hango mu. Abuja ta asali, wadda ta koma Suleja bayan da aka ba sabon birnin tarayya sunan, zuriyar sarakunan Zazzau na Haɓe ne suka kafa ta a 1828 a ƙarƙashin Abu Ja. Ba ta taɓa shiga daular Sakkwato ba, saboda haka a wajen Smaldone tana cikin sahun abokan gaba, tare da Maraɗi da Argungu da Ningi. A 1893, zamanin Sarki Ibrahim Iyalai, wanda ake wa kirari da Dodon Gwari, rundunar Zazzau ta zo wa Abuja da yaƙi ta koma ba nasara. Zazzau ɗin nan kuwa ita ce ta Yero mai 'yan bindiga. Duwatsu da kurmi da ganuwa da mutanen da suka san ƙasarsu sun rinjayi abin da aka sayo daga bakin Kwara. Wanda ke son jin labarin daga bakin mutanen garin sai ya haɗa da tarihin Abuja da Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta da Hausa, wanda Frank Heath ya fassara aka buga a 1952. In aka karanta su tare, kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa.

Yanzu ga inda littafin ya taɓo abin da na gani a Kubwa. Tsohuwar bindiga mai ƙanƙara, duk da aibinta, tana da wani alheri guda: maƙerin gari yana iya fahimtarta. In kunama ta karye ya ƙera wata, in ƙota ta tsage masassaƙi ya sassaƙa, harsashi kuwa ko guntun ƙarfe ko tsakuwa ya wadatar. Albarushi ma ana haɗa shi a gida, sai dai farar wuta da ake sayowa daga nesa. Da bindigogi masu ɗuri ta baya suka fara shigowa a ƙarshen ƙarnin, irin su Snider da Martini-Henry, sun fi nisa, sun fi sauri, ruwa ba ya hana su tashi. Amma harsashinsu na tagulla ne da masana'anta kaɗai ke iya bugawa daidai, kuma in wani ɗan ƙarfe ya karye a cikinsu, zuga-zugi da masaba ba za su fitar da madadinsa da awon da ake bukata ba. Ga shi kuma yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka irin waɗannan makamai a yankinmu. Duk ƙarin ingancin da bindiga ta samu sai ya ƙara nisanta ta da hannun wanda zai gyara ta a nan. Sarki na iya mallakar bindiga ta zamani, in harsashinta ya ƙare ta zama sanda.

Sakamakon ya bayyana a Bida a 1897, a Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, da Sakkwato ranar 15 ga Maris na shekarar. Sojojin da Turawa suka zo da su ba su kai dubu ba a kowane ɗayan biyun na ƙarshe, kuma mafi yawansu 'yan ƙasar nan ne, Hausawa da Yarabawa. Abin da ya bambanta su da 'yan bindigar sarki shi ne an yi watanni ana horar da su harbi tare bisa umarni, ana duba bindigar kowa, akwai mai gyara, akwai akwatunan harsashi a kan 'yan ɗauko, ga igwa da bindiga mai ruwan harsashi ta Maxim. Jarumtaka ba ta yi ƙaranci a ɓangarenmu ba, wanda ya san abin da ya faru a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada da jama'arsa, ba zai yi shakkar haka ba. Smaldone ya rubuta wannan sashe ba tare da murna ko kuka ba, kuma na gode masa da hakan, domin mai karatu Bahaushe yana da nasa nauyin zuciyar da zai kawo wa shafin.

Akwai inda littafin ya gaza, kuma gazawar tana daidai wurin da na fi bukatarsa. Idon da muke kallon fagen yaƙi da shi a mafi yawan shafukan idon baƙo ne, Clapperton da Barth da jami'an mulkin mallaka. Muna jin adadin bindigogi da farashinsu da hanyar da suka biyo, amma ba mu shiga maƙera mun zauna ba. Wane ne ke karɓar bindigar sarki in ta ƙi tashi? A ina ya koya? Da me yake goge tsatsa, wane mai yake shafa mata, me yake kiran kowane sashe nata? Bawan da aka miƙa wa bindiga a fadar Zazzau, kwana nawa aka yi ana nuna masa kafin a tura shi gaba? Muryar waɗannan mutane ba ta fito ba. Philip Jaggar ya yi littafi kan maƙeran birnin Kano da aka buga a 1994, wanda ke nuna irin abin da ake samu in an zauna da masu sana'a an saurare su. Da an yi wa maƙeran bindiga irin wannan zama a shekarun 1960, lokacin da 'ya'yan waɗanda suka ga 1903 ke raye, da babi biyun bindiga sun fi haka nama. Kashi na biyu kuma yana da nauyin harshe. Marubucin ya jingina da ra'ayoyin masana zamantakewa na Turai da Amurka, har wani lokaci sai ka ji Sakkwato ta koma misali a cikin muhawarar da ba tata ba. Wanda ba ɗalibin jami'a ba zai iya tsallake wasu shafukan can ba tare da ya yi asara mai yawa ba.

Duk da haka ban san wani littafi da ya sa na fahimci halin da muke ciki yau game da makami kamar wannan ba, alhali bai ce uffan kan zamaninmu ba. An kafa masana'antar ƙera makamai ta DICON a Kaduna tun 1964, amma har yanzu yawancin abin da jami'anmu ke riƙewa daga waje yake zuwa, daga ƙasashe daban-daban, kowace ƙira da nata sassan da nata harsashin da tata hanyar kwancewa. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya ce zuwa Disambar 2018 akwai makamai da harsasai 178,459 na 'yan sanda da ba a san inda suke ba, ciki har da AK-47 guda 88,078. Wurin da ba a iya ƙirga bindiga ba, da wuya a ce ana duba lafiyar kowace ɗaya. Kuma duk wanda ke karanta jarida a ƙasar nan ya saba da labarin harsashin da aka ce ya kuɓuce bisa kuskure ya kashe direba ko mai talla. Wasu ƙananan bindigogin, irin su Glock, sai an ja kunama kafin su kwantu, saboda haka wanda bai tabbatar cikinta babu harsashi ba yana iya harbin na kusa da shi a wajen shara kawai. Ƙurar hunturu da danshin daminar Abuja ba sa jiran kowa, bindigar da ba a kwancewa a goge za ta ci amanar mai ita ranar da ya fi bukatarta, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Yayana ya koma ranar Litinin. Mai kula da ɗakin makaman, wani dattijo da ya kusa ritaya, ya zaunar da shi ya sa shi ya kwance ya mayar sau goma a gabansa, har hannunsa ya gane kusurwar da sifirin ke so. Minti arba'in abin ya ɗauka. Da na ba shi labarin bindiga ɗaya ta Gobirawa a Konya, sai ya yi shiru, can ya ce in kawo masa littafin. Na kai masa, amma Turancin kashi na biyu ya gajiyar da shi, ya tsaya a babi biyun bindiga ya karanta su sau biyu.

Ina kira ga malaman tarihi da na Hausa a Jami'ar Abuja da Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo su nemi izinin fassara wannan littafi zuwa Hausa, ko da kashin farko ne da jerin kalmomin ƙarshe. Kuma kafin a gama wannan, a tura ɗalibai da na'urar ɗaukar magana wajen 'yan bindigar da ke harba albarushi a hawan Sallah a Kano da Katsina da Zariya da Suleja, da maƙeran da ke gyara musu, a tambaye su sunan kowane ƙarfe da yadda suka gaji aikin. Dattawan cikinsu suna nan da ransu a yau.